Shiga jirgin kaya zuwa ƙauyukan gaɓar Bahar Maliya: tambayoyi da amsoshi

A Bur Sudan, babbar tashar jiragen ruwa ta ƙasar Sudan, aka haife ni. Kakana daga ƙasar Kano ya taso da niyyar sauke farali, ya iso Sawakin guzuri ya ƙare, ya tsaya neman kuɗin jirgi, daga nan zama ya kama shi. Sana'ata sayen busasshen kifi da farcen turare daga hannun masunta, kuma ita ta sa na daɗe ina bin jiragen katako masu kai kaya ƙauyukan bakin ruwa. 'Yan'uwa daga Gadarif da Kassala da Maiwurno, da waɗanda yaƙi ya koro daga Khartum, suna yawan tsare ni da tambayoyi a kan wannan tafiya. Ga waɗanda suka fi maimaituwa, da abin da nake faɗa musu.

Wane irin jirgi ne ake magana?

Kada ka hango ƙaton jirgin ƙarfe mai hawa-hawa irin na Jidda. Wannan jirgin katako ne mai inji, mutanen gaɓa suna ce masa sambuk. Ana cika cikinsa da buhunan gari da sukari da dawa, da jarkokin ruwan sha, da gangunan man gas, da ƙanƙara a lulluɓe cikin buhu, wani lokaci har da katako da kwanon rufi. In zai dawo ya kwaso kifi da ƙwanson teku. Shugaban jirgi shi ne rayyis, yana da yara kaɗan da ke taya shi, galibi 'yan gidansu ne. A bayan jirgin akan ɗaure ƙaramin kwalekwale, huri, wanda da shi ake sauke mutane da kaya inda babban ba zai iya matsawa bakin tudu ba.

Abin da nake so kowa ya fara riƙewa shi ne, don kaya jirgin ya fito. Kaya ne mai gida, fasinja baƙo ne da aka yi wa alfarma. Wanda ya gane haka tun daga tasha zai ji daɗin tafiyarsa, wanda bai gane ba zai yi ta ɓacin rai har a dawo.

Ba akwai hanyar mota ba? Me ya kai mutum ruwa?

Akwai. Kwalta ta bi gaɓa daga Bur Sudan zuwa arewa, wajen iyakar Masar, ta kuma yi kudu zuwa Sawakin, wadda ke da nisan kamar kilomita 60. Yawancin kayan ƙauyukan arewa irin su Muhammad Gol da Dungunab yanzu a mota suke zuwa, kuma in gaggawa kake yi, ka hau mota kawai.

Sai dai kwalta ba ta shiga kowane lungu. Akwai zangon masunta a kan tsibirai, akwai 'yan rugage a bakin ruwa da sai mota ta ratsa ƙasar gishiri mai laushi kafin ta kai, ta kafe har gatari. A kudu kuma, wajen Tokar da Agig, in kwarin Baraka ya kawo ruwa yakan yanke hanya. Irin waɗannan wurare su ne sambuk yake riƙe da rayuwarsu. Na taɓa ganin mata da yara sun jeru a bakin ruwa tun jirgi yana ɗigo a nesa, kowa da jarka a hannu, domin ruwan shan da ya rage musu bai fi na wuni ba. Tun ranar na daina ƙorafi in aka matse ni don a ƙara ganga ɗaya.

Ina ake yankar tikiti, kuma ƙarfe nawa ake tashi?

Babu tikiti, babu jadawali. Za ka je wajen da masunta suke sauke kifi, ka nemi wanda ya san rayyis ya gabatar da kai. Zuwa da kai ya fi saƙo, amma zuwa da wanda aka sani ya fi duka. Ku yi ciniki a fili a gaban mutane: kuɗinka, kuɗin kayanka, da ko cin abinci yana ciki. Kuɗin Sudan ba ya zama wuri ɗaya, farashin watan jiya ba shi ne na yau ba, don haka ka tambayi wanda ya sauka a makon nan. Ka riƙe tsabar kuɗi. A gari kowa Bankak, manhajar banki ta waya, yake amfani da shi, amma a ƙauyen da waya ba ta kamawa ba zai saya maka ko kofin shayi ba.

Tashi kuwa sai kaya sun cika, iska ta yarda. In rayyis ya ce gobe, ka zo da shirinka goben, ka kuma shirya wa jibi.

Wace takarda zan riƙe?

Katin shaida na ƙasa, ko fasfo da takardar zama in kai baƙo ne. Rayyis yana miƙa sunayen waɗanda ke cikin jirginsa ga jami'an tsaron gaɓa kafin ya fita, ka tabbata naka yana ciki. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, gwamnati ta koma da zama Bur Sudan a lokacin, bincike ya tsananta, ya ƙara tsananta bayan hare-haren jirage marasa matuƙi da aka kai wa garin a watan Mayu 2025. Kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoton tashar jiragen ruwa ko na sojoji. Mu Hausawa mun san yadda tambayar asali take saurin tasowa a shingen bincike, ko da kakan kakanka a nan aka binne shi, don haka ka sa takardunka a leda ka rataya a wuya ƙarƙashin riga.

Kwana nawa ake yi, kuma me ya sa ba a tafiya da dare?

Dungunab tana da nisan sama da kilomita 150 arewa da Bur Sudan. Mota za ta kai ka a 'yan sa'o'i. Sambuk mai kaya, yana tsayawa nan da can, yakan ci kwana biyu ko uku.

Dalili yana ƙarƙashin ruwa. Gaɓar nan gaba ɗaya duwatsun murjani ne, masunta suna ce musu sha'ab, sun yi layi kamar katanga, wasu kansu bai fi taki ɗaya da saman ruwa ba. Jirgi yana bin tsakanin katangar da tudu ne, kuma da ido ake tuƙa shi. Za ka ga an sa yaro ya tsaya a goshin jirgi, yana nuni da hannu, ba ya magana. Launi yake karantawa: shuɗi mai duhu zurfi ne, a wuce, kore-kore mai haske rairayi ne kusa, in ya ga ja-ja kamar tsatsa, dutse ne, sai hannunsa ya karkata, rayyis ya bi. Duk wannan sai rana tana sama ko tana bayanka.

Wurin kwana kuma shi ne marsa, wato wani ɗan lungu da teku ya kutsa cikin tudu, mai ƙunƙuntar ƙofa tsakanin duwatsu biyu. Irin su Marsa Arus, Marsa Fijab, Marsa Salak, can gaba kuma Khor Shinab. Ƙofofin nan gabas suke kallo, mai shigarsu kuwa yamma ya dosa. In aka bari rana ta karkata, sai ta doki idon mai kallo, ruwa ya zama kamar faranti, ba a ganin komai a ƙasa. Shi ya sa za ka ga rayyis ya shige marsa tun kafin la'asar, rana tsaka a ganinka, ya sa an saki anga. Na ji wani saurayi ya taɓa ce wa wani dattijon rayyis, “Baba, ai da sauran rana, mu ƙara gaba mana.” Dattijon ya nuna masa haƙarƙarin wani jirgi da ke tsaye a kan sha'ab, ya ce, “Ɗana, wancan ma da sauran rana ya wuce.”

Bur Sudan kanta marsa ce, ta Shaikh Bargut. Turawan Ingila suka fara gina ta a 1905, aka buɗe tashar a 1909, domin hanyar shiga Sawakin ta yi wa manyan jirage ƙunci.

Sai iska. Yawancin shekara daga arewa take busowa, tana ƙara ƙarfi in rana ta ɗaga. Mai zuwa arewa gaba da gaba yake da ita, shi ya sa ake tashi da an sallame asuba, gari yana fara wayewa. Dawowa kudu ta fi sauƙi, iska tana tura ku.

Ina zan zauna, ina zan kwanta?

A kan buhuna. Wuri mafi daɗi shi ne wajen baya, ƙarƙashin tampol, kusa da rayyis, domin goshin jirgi ya fi tsalle, ruwa kuma yana watsowa. Ka guji zama dab da inji saboda hayaƙi. In aka ce ka koma ɗaya gefen, ka koma ba musu, nauyi ake daidaitawa. Da dare kowa ya shimfiɗa tabarmarsa inda ya samu. Raɓar teku tana jiƙa mutum sharkaf, ka zo da mayafi mai kauri ko a lokacin zafi.

Makewayi ɗan akwati ne da aka maƙala a bayan jirgi, a saman ruwa, an kare shi da buhu. Ka riƙe igiya da kyau.

Mace za ta iya shiga?

Matan ƙauyukan suna shiga, musamman masu zuwa asibiti a gari. Akan ware musu gefe a rataya zane, kuma ban taɓa ganin ma'aikacin jirgi ya ɗaga wa mace ido ba. Amma Hajiya, ki zo da muharrami ko ki haɗu da wasu mata. Mai tsohon ciki da mai jego, in da hanyar mota, su bi ta. Abin da ya fi damuna shi ne yadda mata suke ƙin shan ruwa don kunyar makewayi, a rana irin ta Bahar Maliya. Ki sha. In an shiga marsa ki ce a sauke ku tudu da huri, ana yi.

Me zan ɗauka?

Ruwan sha naka na kanka, jarka guda aƙalla, ko da an ce akwai a jirgi. Wanda ke jirgi na mutanen ƙauye ne, an ƙirga shi. Dabino, ƙuli-ƙuli, garin kwaki in kana samu, busasshiyar gurasa, lemon tsami, citta. Rawani ko malfa, tocila, da takalmin roba mai rufe ƙafa, domin murjani yana yanka kamar reza kuma ciwonsa ba ya saurin warkewa. Waya da batirin ajiya a leda. Mai shan maganin hawan jini ko na sukari ya ɗauki na mako guda fiye da lissafinsa.

Rigar kariya daga nutsewa, ka saya a gari ka zo da abarka. Wasu suna ganin kamar rashin tawakkali ne. Ni ina ɗaurawa, ina kuma ɗaura wa duk yaron da ke hannuna.

Abincin jirgi kifi ne. Yara suna jan ƙugiya a baya ana tafiya, abin da ya kama shi za a ci, da shinkafa ko gurasa. Ranar da aka dace da najil, jan kifin nan mai ɗigo-ɗigo, ba mai tuna nama. A tire ɗaya ake ci, da rayyis da fasinja. Ka kai sukari da ganyen shayi ko ɗanyen kofi ka miƙa wa mai girki tun ranar farko.

Amai fa?

Yana kama har waɗanda suka saba. Kada ka shiga da yunwa, kada kuma ka cika ciki da maiƙo. Ka zauna inda iska ke dukanka, ka kafa ido a kan duwatsun da ke tudu, ka bar kallon waya. Tauna citta tana taimakawa, akwai kuma ƙwayar jiri a kantin magani, a sha kafin a tashi. In ya zo, ka juya ta gefen da iska ke tafiya. Da an shiga marsa ruwa ya kwanta, yakan sake ka.

Wane lokaci ya fi kyau?

Daga Nuwamba zuwa Maris. A nan gaɓa ruwan sama da sanyi yake zuwa, saɓanin sauran Sudan, gari ya yi daɗi, sai dai iska takan tsare ku kwana biyu a marsa ɗaya. Yuni zuwa Satumba zafi yana haura 40, ga gumi, ga ƙurar da ke tasowa daga wajen Tokar ta rufe ido. Tsoho da ƙaramin yaro su haƙura da waɗannan watanni.

Yaya ake salla?

Ruwan teku mai tsarki ne, hadisi ya tabbatar da haka, ya kuma halatta mushensa. Da guga ake ɗebowa a yi alwala, ka ajiye na sha. Sabulu ne dai ba ya kumfa a cikinsa. In jirgi ya natsu ka yi a tsaye, in yana tangaɗi ka ji tsoron faɗuwa ka zauna. Tafiyar da ta kai ta kasaru, a yi kasaru.

Alƙibla tana da abin lura. Daga Bur Sudan, Makka tana arewa maso gabas. Kana yin arewa tana saukowa, in ka kai Muhammad Gol ta kusa zama gabas sak. Jirgi a kan anga kuma yana juyawa da iska, ka duba kafin kowace kabbara ta farko. Nakan tsaya da magariba in kalli ruwan nan, in tuna a bayansa Ka'aba take, kusa ƙwarai, kuma nan ne kakanninmu suka yi shekaru suna dako da noma don su tsallaka.

Yaya zan gane jirgin da bai kamata in shiga ba?

Ka dubi gefensa bayan an gama lodi. In za ka iya miƙa hannu daga zaune ka taɓa ruwa ba tare da ka sunkuya ba, ka sauke jakarka. Ka leƙa ƙasan jirgi: ruwa kaɗan kowane jirgin katako yana sha, amma in yaro yana kwarfa tun ana tasha, me zai faru a tsakiyar iska? Ka tambaya ko akwai anga ta biyu, da abin kashe wuta, domin man gas da murhun girki a jirgi ɗaya suke.

Sau ɗaya na ƙi bin wannan shawara. An gama lodi sai wani ɗan kasuwa ya zo da ganguna, ya ja rayyis gefe, aka ɗora su a sama. Na ga jirgi ya ƙara yin ƙasa a ruwa, raina bai so ba, amma na riga na biya. Da hantsi iska ta tashi, igiyar ruwa ta fara shigowa ta goshi. Muka yi ta kwarfa da gwangwani da kwanon abinci, wata tsohuwa tana rungume da jikanta tana salati ba ta tsayawa. Sai da aka zubar da buhunan sukari da na gari a teku jirgi ya ɗago. Mun tsira, alhamdulillahi. Amma buhunan nan na mutanen da ke jira ne, kuma har yau ina tuna fuskar mai ɗan kanti a ƙauyen lokacin da aka gaya masa.

Manyan jirage ma kwaɗayin lodi yana cin su. A watan Yuni 2022 jirgin dabbobi ya nutse a tashar Sawakin da tumaki sama da 15,000, alhali ƙarfinsa bai wuce 9,000 ba. Bai ma fita teku ba.

In na ƙara kuɗi, rayyis zai tsallaka da ni Saudiyya?

Wannan ce tambayar da ake yi mini da murya ƙasa-ƙasa, kuma ita ta fi tayar mini da hankali. Rayyis mai mutunci ba zai yi ba. Wanda zai yi, ɗan fasa-ƙwauri ne, zai cusa ku cikin dare kamar buhuna, ba suna a takarda, ba wanda ya san kun fita. A watan Yuli 2011 wani jirgi irin wannan ya kama wuta a tekun Sudan yana hanyar Saudiyya, kusan mutum 200 suka halaka. Wanda ya isa kuma, ba shi da takarda, ɓuya zai yi ta yi har a kama shi a tiso ƙeyarsa.

Na san abin da ke tura mutane: yaƙi, bashi, gida ya watse, ga begen Ɗakin Allah. Ana ce mini ai kakanninmu da sambuk suka tsallaka. Haka ne, amma waɗanda suka isa ne suka ba mu labari. Ɗan'uwana, hanyar Jidda tana nan a tashar Usman Digna da ke Sawakin, da fasfo da biza da tikiti, a jirgin ƙarfe, ka kwana ɗaya a ruwa ka wayi gari can. Ka tara kuɗinta ko shekara nawa za ta ɗauke ka.

Akwai abin kallo?

Sosai. Dab da fita Bur Sudan akwai inda jirgin Italiya mai suna Umbria yake kwance a ƙasa; mutanensa ne suka nutsar da shi da kansu a watan Yuni 1940, da bama-bamai a cikinsa, don kada Ingila ta ƙwace. Can cikin teku akwai hasumiyar fitila ta Sanganib. Yankin tekun Sanganib da na Dungunab da tsibirin Mukawwar, UNESCO ta sa su cikin wuraren gadon duniya a 2016. Za ka ga kunkurun teku, da kifayen nan masu tsalle suna rakiyar jirgi, in da rabo har da ayun teku, wanda a Dungunab yake kiwo a ciyawar ƙarƙashin ruwa. Da dare in ka motsa ruwa da hannu sai ya yi ƙyalli kamar an watsa garwashi kore. Ledarka da gorar robarka dai ka mayar da su jaka.

In na sauka ƙauye, yaya zan yi da mutane?

Yawancinsu Bija ne, Bishariyin da Amar'ar a arewa, Bani Amir a kudu wajen Agig. Suna jin Larabci, amma in ka gaishe su da “dabaiwa” za ka ga fuska ta saki. Ka fara zuwa wajen dattijon gari ko limami, masallaci ne masaukin baƙo. Kada ka doshi ɗakunan mata, kada ka ɗauki hoton kowa sai da izini. Za a soya kofi a gabanka, a daka da citta, a dafa a 'yar tukunyar jabana, a zuba a ƙananan kofuna. Ba a shan sa a tsaye. Ka lura da ruwan da aka dafa shi, wataƙila a jirgin da ka zo ya iso, don haka kada ka nemi na wanka.

Da gaske farcen humra daga nan yake fitowa?

Wannan mata ne suka fi tambaya. Da gaske ne, wani daga nan yake. Sudaniyawa suna ce masa dufra. Murfin bakin wani dodon-koɗin teku ne, da shi yake rufe ƙofarsa in ya shige. Masunta suna tsinto koɗin a ruwa mara zurfi, a cire naman a shanya, a ware murfin. Ɗanyensa ƙarni gare shi mai tsanani, har rayyis yakan sa in ɗaure buhuna a can ƙarshen jirgi. Sai an jiƙa, an kankare sauran naman da wuƙa ɗaya bayan ɗaya, an wanke, an soya har ya yi ƙamas, a daka, sannan ya zama abin da ke riƙe ƙamshin humra da turaren wuta a jikin tufa.

Akwai wata dattijuwa a wani zango da nake saye a wurinta. A ƙullin tsumma take ajiye nata, ta kwance ta zuba mini a tafin hannu, ta ce, “Ɗana, na wata biyu ke nan.” Bai cika gwangwanin madara biyu ba. Nakan biya ta abin da ta faɗa, in bar mata jarkar ruwana da ta rage, yaro ya tura huri mu koma jirgi kafin rana ta karkata.